Kala Tara a Teburin Rosi

Yayata Roswita, wadda duk ƙauyenmu ke kira Rosi, shekararta sittin da biyu bana, kuma har yau a ɗakin da ta tashi a ciki take kwana. Ni Jutta, ƙanwarta, na bar gida tun ina shekara goma sha tara, ina zaune a Leipzig da mijina Volkmar. Nakan hau duwatsunmu na Erzgebirge sau uku ko huɗu a shekara, in kwana biyu, in yi faɗa da kowa, in koma. Ita kuwa ba ta faɗa da kowa, kuma wannan halin nata ya fi komai ƙona mini rai.

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abincin jajibirin Kirsimeti kala tara ne, ba takwas ba, ba goma ba. Ƙarfe shida na yamma, da ƙararrawar coci ta kaɗa, sai kowa ya zauna, maigida ya kunna kyandir, kowa ya ɗanɗana daga kowane kwano. Daga lokacin da aka zauna kuma babu mai tashi sai maigida ya ajiye cokali. A gidan maƙwabtanmu cewa suke in wani ya tashi, kajin gidan ne za su riƙa zuwa suna yin ƙwai a gidan wasu, suna faɗa suna dariya. Mu gidanmu ba a san wasa ba. Babanmu Gotthard, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin haƙar ma'adinai, abin da ya gada wajen uwarsa shi ne in aka tashi daga teburin, ɗaya daga cikin waɗanda ke zaune ba zai ga Kirsimeti mai zuwa ba.

Da Rosi ba haka take ba. Dariyarta tun daga bakin titi ake ji, kuma ba a rawa a ƙauyen ba da ita ba. Ta koyi girki a wani otal a birni, kuma a shekarar 1980 takardarta ta fito, aka ɗauke ta aikin kuku a jirgin ruwa na dakon kaya da ke tashi daga Rostock. A lokacin kan iyakar Jamus ta Gabas a rufe take ruf, 'yar mai haƙar ma'adinai ba ta da wata ƙofar ganin duniya in ba wannan ba. Watan Fabrairu za ta tafi. Ta manna taswira a bangon ɗakinmu, kullum tana nuna mini ƙasashe da yatsa, tana cewa za ta kawo mini ayaba in ci har in ƙi.

Kirsimetin shekarar Mama ta ce, "Bana ke za ki yi, tunda kin zama babbar kuku. Ni zama zan yi in ci na banza."

Rosi kuwa ta zage, don ta nuna mana ita ma ta isa. Ta gasa dinya, ƙatuwar agwagwar nan, ta cusa mata tuffa da tazargade har fatar ta yi ja tana ƙyalli. Ta yi curin dankali, da kabeji mai tsami, da ƙananan wake, da sosej, da kwaɗon seleri, da burodi jiƙe a madara, da dafaffen tuffa mai sukari. Na taran shi ne mafi sauƙi, burodi da gishiri. Burodin yana kan tebur. Kwanon gishirin yana can kicin kan kanta, inda ta ajiye shi ta manta.

Mun zauna, an kunna kyandir, Baba ya bi kwanukan da yatsa yana lissafi kamar yadda ya saba, sai yatsan ya tsaya. Kafin ya buɗe baki Mama ta ture kujerarta.

"Ilse!" Baba ya daka mata tsawa.

Ta riga ta miƙe. Ta dube shi ta yi dariya ta ce, "Haba Gotthard, zancen kakanni fa." Ta je ta ɗauko gishirin ta dawo ta zauna. Abincin ya yi daɗi sosai, amma shiru muka ci shi.

Watan Janairu Mama ta kwanta. Rosi ta roƙi a ɗaga mata ranar tafiya, aka ɗaga, ta sake roƙo, aka sake ɗagawa. Watan Satumba muka binne Mama. Da muka dawo daga maƙabarta muna zaune mu uku a kicin, Baba ya dubi tebur ya ce, "Da dai an sa gishirin nan..." Bai ƙarasa ba, bai kuma dubi kowa ba. Washegari Rosi ta rubuta wa mutanen Rostock cewa su ba wani gurbinta, ta cire taswirar ta naɗe.

Ga abin da ni na sani, wanda ban faɗa ba. Tun watan Oktoba, wata biyu kafin gishirin, na raka Mama asibiti a birni. A hanyar dawowa ta saya mini kek, muna cikin bas ta ce mini likitoci sun ga wani abu a cikinta, kuma ba mai fita ba ne. Ta ce Baba ya sani, amma kada in kuskura in gaya wa Rosi, don in ta ji ba za ta hau jirgin ba. Na riƙe maganar. Bayan Mama ta rasu na ci gaba da riƙewa, kuma ba don alƙawari ba ne, kada in yi wa kaina ƙarya. Shekarata goma sha biyar, amma na san in Rosi ta tafi, gidan da Baba duk kaina za su dawo. Don haka na bar ta da gishirinta.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Rosi ta yi girki a makarantar ƙauye, daga baya ta koma kicin ɗin wani gidan saukar baƙi da ke bakin hanya. Da aka buɗe kan iyaka, mutane suka yi ta tururuwa yamma kamar an buɗe wa awaki garke, ita ma ta je sau ɗaya, ta dawo kafin faɗuwar rana, domin Baba ba ya cin girkin kowa sai nata. Samari biyu sun neme ta, duk suka gaji suka kama gabansu. Ni kuwa na yi karatu, na yi aure, na haifi 'ya, na ga teku har sau shida, kuma duk zuwa sai na aiko mata da kati mai hoto, don rashin kunyata ya cika.

Kirsimetinta tun Oktoba take farawa, ranar da za ta yanka kabeji ta danna shi a tulu da gishiri ta ɗora dutse. Ana jibi biki sai ta zauna ta goge ɗanyen dankali bokiti guda, ta matse a ƙyalle, har gaɓoɓin yatsunta su fashe. Ranar jajibiri kuwa, tun da sassafe, kafin ta ɗora ko ruwan shayi, kwanon gishiri ne farkon abin da ke hawa tebur. Ta leƙo ta duba shi, ta koma, ta sake leƙowa. Na taɓa ƙirgawa, sau goma sha ɗaya. Duk leƙowar da za ta yi sai na ji kamar in nutse cikin ƙasa, sai in huce haushina a kan Volkmar.

Baba kuwa godiyarsa ba ta wuce tsiya.

"Wannan curin fa, Rosi? Katanga za mu gina da shi?"

"Ci a hankali dai, Baba, haƙoran nan naka ba naka ba ne."

"Na uwarki in ka sa cokali da kansa yake rabewa."

"To ka yi haƙuri, bana ma ni ce."

Ta faɗa tana murmushi, ta ƙara masa miya. Ni da nake gefe sai in ji kamar in kifa masa kwanon a ka.

A shekarar 2013 wata bas ta kawo tsofaffi daga arewa kallon kasuwar Kirsimeti, suka tsaya cin abinci inda Rosi ke aiki. Wani ƙato a cikinsu mai suna Detlef ya ci curin dankali huɗu, ya ce ba zai hau mota ba sai ya ga wanda ya yi su. Matarsa ta rasu, yana da ɗan gidan abinci na kifi a bakin ruwa kusa da Stralsund. Daga ranar bai fasa kiran ta ba duk Lahadi, kuma wata biyu ba sa wucewa bai tuƙo motarsa awa bakwai ya zo ya gan ta ba. Dariyar nan ta Rosi da na ɗauka ta mutu tare da Mama sai ga ta ta dawo. Ranar da na fara jin ta a waya, sai da na shiga banɗaki na yi kuka.

Bayan shekara uku Detlef ya ce mata, "Rosi, shekarata sittin da biyu. Ki zo mu zauna. Tagar kicin ɗina ruwa take kallo."

Ta kira ni ta gaya mini, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai roƙon gafara. Na ce, "Tafi! Ni zan ɗauki Baba. Ɗakin 'yata ba kowa a ciki. Shekara talatin da biyar kin yi, ya isa haka." Da ƙarfi na faɗa, kuma a lokacin har zuciyata nake nufi. Muka tsayar da rana: ashirin da bakwai ga Disamba ni in wuce Leipzig da Baba, ita ta wuce arewa da Detlef. Da aka gaya wa Baba sai kawai ya ƙara ƙarar talabijin.

A al'adarmu ana ajiye faranti ɗaya na ƙari saboda baƙon da ka iya ƙwanƙwasa ƙofa. Tun da nake ban taɓa ganin kowa ya ci a farantin nan ba sai shekarar, da Detlef ya zauna a gabansa da sabuwar riga. Rosi ta ja masa kunne tun a hanya: ka ɗanɗana komai, kuma ko gidan na cin wuta kada ka tashi.

Baba, yana da shekara tamanin da takwas, ya kunna kyandir, ya bi kwanukan da yatsa, tara cif. Sannan ya dubi baƙon.

"Mutumin kifi, ka taɓa ganin dutse kafin ka zo nan?"

"Ɗaya na sani, Baba Gotthard, wanda likita ya ciro mini daga ƙoda."

"Can wajenku me kuke ci yau?"

"Kwaɗon dankali da sosej, shi ke nan."

"Kala biyu?" Baba ya girgiza kai. "Allah sarki. Shi ya sa ƙasarku ta kwanta shame-shame, ko tudu babu."

Kowa ya yi dariya, har Baban. Na ce a raina ashe abin zai zo da sauƙi.

Muna tsakiyar ci sai tsokar dinya ta sarƙe Baba. Ya fara tari, tarin ya ɗauke, fuskarsa ta yi jawur, idanunsa suka firfito. Ni da Rosi muka daskare a kan kujerunmu, kuma ina jin kunyar faɗa, amma ko ni da nake zagin al'adar nan shekara da shekaru ƙafata ba ta motsa ba. Detlef ne ya yi wuf ya miƙe, kujerarsa ta faɗi, ya zagaya ya ɗaga Baba ya doki bayansa har tsokar ta fito. Ya ruga kicin ya kawo ruwa.

Baba ya sha, ya goge baki, numfashinsa ya dawo. Bai ce an gode ba. Kujerar da ke kwance a ƙasa ya ƙura wa ido.

"To," ya ce. "An tashi."

"Baba, ranka fa ya ceta!" na ce.

"Mu biyar ne a nan. Ba sai an yi ƙuri'a ba, kowa ya san wane ne." Ya juya wajen Rosi, ya sassauta murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba. "'Yata, ki yi haƙuri da ni shekara ɗaya tak. Ba na son in mutu a hawa na huɗu a Leipzig ina kallon bangon wani. Ki bari in cika a gadona, sai ki tafi inda kike so."

Nan na fashe. Na ce masa son kansa ya yi yawa, na ce ya cinye mata ƙuruciya yanzu kuma yana son ya suɗe kwanon. Volkmar yana jan hannuna ta ƙarƙashin tebur, Detlef yana tsaye da kofi a hannu ya rasa inda zai sa kansa. Rosi ce ta ce, "Detlef, ɗaga kujerarka ka zauna. Jutta, ya isa. Ku ci kafin ya huce." Muka ci. Har dafaffen tuffa sai da kowa ya ɗanɗana.

Washegari da safe na same ta ita kaɗai a kicin, ta yayyanka sauran curin dankalin tana soyawa da man shanu. Na rufe ƙofa na jingina da ita. Shekara talatin da shida ina ɗauke da maganar, amma ko minti biyu ba ta ci ba wajen faɗa. Na gaya mata bas ɗin, da kek ɗin, da abin da Mama ta ce. Na gaya mata dalilin da ya sa na yi shiru, ban rage komai ba. Na tsaya ina jiran ta mare ni, kuma da ta yi da na ji daɗi.

Ba ta ko juyo ba. "Na sani," ta ce.

"Kin san me?"

"Mama ta gaya mini a asibiti, wata ɗaya kafin ta rasu. Har kek ɗin da ta saya miki."

"To me ya zaunar da ke?"

"Shekararki goma sha biyar, Jutta, kuma kina son karatu. Dole ɗayarmu ta zauna."

"Gishirin da kike dubawa fa kamar mai tsaron jariri?"

Ta ɗan yi dariya. "Ni na san ba ni na kashe ta ba. Ƙafafuna ne ba su yarda ba, da kansu suke kai ni." Ta rage wuta, sannan ta juyo ta dube ni sosai. "Ki ji, ni maganar Baba ta jiya ba ta ba ni tsoro. Akwatina a ɗaure yake a sama. Abu ɗaya nake so ki gaya mini. Jibi za ki tafi da shi, ko yana kuka, ko yana zagi? In kin ce e, na tafi."

Daga falo ina jiyo tarin Baba. Na tuna matattakalar gidanmu hawa huɗu, da wankan tsoho, da abincin da zai ture ya ce ba na Rosi ba ne. Na tuna aikina, da fuskar da Volkmar ya yi ranar da na gaya masa zan ɗauko Baba. Na tuna in ya mutu a hannuna cikin shekarar, abin da duk ƙauyen za su ce. Ni mai baki, mai faɗa da kowa, sai na ji bakina yana cewa, "Bari dai ya ɗan huce, Rosi. Zuwa Ista, in sanyi ya ragu."

"To," ta ce, ta koma ta juya suyarta.

Ranar ashirin da bakwai Detlef ya tafi shi kaɗai. Ya ci gaba da kira duk Lahadi. Da Ista ta zo na ce sai an gama gyaran banɗakinmu, da aka gama na ce Volkmar ba ya jin daɗi. Zuwa kaka kiran ya koma sau ɗaya a wata, daga nan ya ɗauke. Ban ga laifinsa ba, mutumin kirki ne, kuma ya jira iya jiransa. Daga baya muka ji ya auri wata mai sayar da burodi a garinsu.

Baba bai mutu a shekarar ba. Kirsimeti shida ya ƙara ci, duk shekara yana bin kwanuka da yatsa yana cewa bana ce ta ƙarshe, Rosi tana cewa, "Haka ka ce bara, Baba, miƙo farantinka." A shekaru biyun ƙarshe a baki take ba shi. Ya rasu a watan Maris na bana, a gadonsa, yana da shekara casa'in da biyar, hannunsa cikin nata. Ko sau ɗaya ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma na fi son a zage ni da wannan.

Makon jiya na kira ta. Na ce na kama mana ɗaki a bakin ruwa, ni da ita kawai, mu yi Kirsimetin can, mu ci kifi a takarda in mun ga dama, mu tashi daga tebur sau ɗari.

"Kai, Jutta, awa bakwai a mota da gwiwoyin nan nawa? Ga kabeji ma ya riga ya yi tsami, wa zai ci?"

"A zubar da shi! Rosi, don Allah, wa zai ce miki wani abu yanzu?"



"Babu," ta ce. Sai kuma ta ce, "Ku nawa za ku zo bana? Mai dinya yana jira in gaya masa girman da nake so."

Na ce mu biyu ne, ni da Volkmar.